Gwiwar Da Ba Ta Ciwo

Bari in fara da abin da na ɓoye wa 'ya'yana, tunda ku ba ku san ƙofar gidana ba: gwiwata lafiyarta ƙalau. Duka biyun. Shekarata sittin da huɗu, ina hawa matakalar gidan nan ya fi sau goma a yini, ko haki ba na yi. Amma yau mako uku ke nan ina ɗingishi a gaban jama'a, kuma saboda namiji nake yi.

Ke da kika riƙe baki kina cewa "tsofai-tsofai da ita," saki bakin ki ci gaba da karatu. Ba ki zo wurin riƙe shi ba tukuna.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan nawa, ni tsohuwar malamar kimiyya ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa yara haɗa sinadarai ba tare da sun ƙone girarsu ba. Mijina ya rasu shekara takwas da suka wuce, ya bar mini 'ya'ya biyu da gida mai bene a garin da rana ke leƙowa kamar an tilasta mata. Babban cikinsu namiji ne, muna ce masa Lauya don aikinsa ke nan, kuma ko gaisuwa zai yi sai ka ji kamar kana gaban alƙali. Yana wani gari, tafiyar awa uku a mota. Ƙanwarsa ita ce Likita. Gashin ƙashi take yi a asibiti, wato daga safe zuwa yamma gwiwa da ƙugu da kafaɗa take murzawa. A duk duniya uwar mai gashin ƙashi ce kaɗai bai kamata ta yi ƙaryar ciwon gwiwa ba, kuma ni na yi.

Sai Mai Taswira. Tare muka yi kwalejin horon malamai, shi yana ɓangaren labarin ƙasa, dogo, mai kunnuwa kamar hannun kofi. A lokacin ko kallo bai ishe ni ba. Daga baya ya bar koyarwa ya kama aikin awon hanyoyi a wata ƙasa mai zafi a bakin teku. Ya yi aure a can, ya tsufa a can, matarsa ta rasu. Bara wani ɗan ajinmu marar aikin yi ya tara mu a zaure ɗaya na waya. Daga "Allah ya jiƙan wane" muka koma "kin tashi lafiya," daga nan muka koma hirar da batir ke mutuwa ba a gama ba. Wata biyu da suka wuce ya ce yana so ya aure ni. Na ce masa ni ban taɓa sa hannu a sakamakon gwajin da ban tsaya a kansa ba. Zan zo in yi mako uku a gidan ƙanwarsa, in ga garin, in ji zafin, in ga yadda yake yi wa mai shara magana, sannan in ba shi amsa.

Ranar da na sanar da yaran zan yi tafiya muna kan tebur ne. Lauya ya ajiye cokali.

"Ina? Wurin wa? Don me?"

Uku a jere, ko numfashi babu a tsakani. Na miƙe in ɗauko ruwa don in sami lokacin tunani, sai gwiwata ta yi ƙas, irin ƙarar da kowace gwiwa ke yi in ta ga dama. Bakina ya riga hankalina.

"Gwiwa ce," na ce. "An ce zafi yana yi mata magani. Akwai wata ƙawata a can."

Ni fa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina gaya wa maƙwabta cewa sanyi ba ɗan haya ba ne da zai shiga ƙashi ya shimfiɗa tabarma. Lauya ya gyaɗa kai, don shi duk maganar da ta fara da "an ce," in dai a kan tsufa ce, karɓa yake yi. Likita kuwa ta ɗago kai. Ta kalle ni, ta kalli ƙafata, ta ci gaba da cin abincinta. Na ɗauka na tsira.

Me ya hana ni faɗin gaskiya? Kun san amsar. An riga an rubuta wa mace irina jadawali: jikoki, asibiti, kujerar kusa da taga. Wanda ya rubuta bai tambaye ni ba, ni kuma na ji nauyin in ce a gyara.

To, gobe da hantsi jirgina zai tashi, kuma tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Sau huɗu ina haɗa akwatin nan ina zazzagewa. Kilo ashirin da uku aka yarda mini, ko cokali ba a ƙarawa.

Matsalar farko, ba ni da kayan zafi. Duk rigar da na mallaka sai da na yi mata shafi mai kauri daga ciki da hannuna, don in iya sa atamfa a garin nan ba tare da haƙorana sun kaɗa ba. Mako guda ke nan ina zaune da reza ina warware ɗinkin da na yi shekaru ina yi. Ɗakin duk zare, har cikin kofin shayi. Riga biyar na kuɓutar, duk auduga zalla, don sai da na ciri zare a bakin kowace na ƙona na shinshina. Wadda ta yi warin takarda ta shiga akwati, wadda ta dunƙule kamar leda ta koma kabad. Mai shago zai rantse maka auduga ce, ashana ba ta rantsuwa.

Sai mayafai uku marasa nauyi, zane biyu na zaman gida, silifas, da takalmi ɗaya na fita. Lema. Man kare fata daga rana, wanda mutanenmu ke cewa baƙar fata ba ta buƙata, ni kuma na ce fata fata ce. Maganin sauro, mafici, tabarau biyu don na san halina, caja da kan soket irin nasu, ƙwayar hawan jinina ta wata guda. Fasfo da katin rigakafi suna jakar hannu. Na buɗe jakar nan na duba su ya fi a ƙirga, kamar za su yi ƙafa.

A ƙasan komai kuma, naɗe cikin tawul, akwai riga ɗaya sabuwa, tsanwa shar, mai laushi kamar ruwa. Telar da ta ɗinka ta ɗaga ta sama ta ce, "Mama, wannan dai ba asibiti za ta ba." Na ce ta kula da allurarta.

Ina tsaye a kan akwatin ina shawarar ko in cire lema, saƙon Mai Taswira ya shigo.

"Malama, yau zafin ya kai talatin da takwas. Kada ki kawo baƙaƙen kaya."

"Ni za ka koya wa abin da baƙi ke yi da hasken rana?"

"Tuba nake. Ƙanwata ta sa an wanke labule, an gyara fanka, ta hana ni shiga ɗakin da takalmi. Kin gaya musu?"

Na kife wayar. Na sake ninke zanen da na riga na ninke. Na leƙa taga, ruwa ake yi, siririn nan mai sanyi da ba ya tsayawa ba ya ƙaruwa. Na sauka ƙasa na ɗora ruwan zafi, na manta dalili, na kashe na hawo.

"Ina haɗa kaya," na rubuta.

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar tana fitowa tana ɓacewa. Sannan ya turo:

"Zan tarbe ki ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. Zan kai ki gidan ƙanwata, in nuna miki teku, in mayar da ke filin jirgi lafiya. Amma in a ɓoye kika zo, ba zan sake tayar da maganar auren ba. Ba zan shiga gidan 'ya'yanki ta taga ba, Malama. Na tsufa da haure katanga."

Sau uku na karanta. Haushi ya kama ni, irin wanda ake ji in mutum ya faɗi gaskiya ba a tambaye shi ba. Na jawo kujera na hau, ina laluben kwaɗon akwati a saman kabad. Ina can sama a kan yatsun ƙafa na ji mabuɗi a ƙofar ƙasa.

"Umma! Kina sama?"

Na diro. Wallahi dirowa na yi, kamar 'yar shekara goma sha biyar. Na faɗa bakin gado, na dafa gwiwa, na haɗa fuskar marasa lafiya.

Likita ta shigo da kayan aiki a jikinta, rigar ruwa tana ɗiga, manyan jakunkuna biyu a hannu. Ta kalli kujerar da ke gaban kabad. Ta kalle ni.

"Ba kya wurin aiki?" na ce.

"Na ɗauki rabin yini. Me kujera take yi a nan?"

"Hutawa take."

Ba ta yi dariya ba, yarinyar da ko atishawa na yi da salo sai ta dara. Ta zazzage jakunkunan a kan gado. Sanda mai naɗewa. Man zafi kwalba uku. Safa mai matse ƙafa don zaman jirgi. Matashin ɗora ƙafa. Wani baƙin takalmi mai faɗi kamar kwalekwale. Jakar ruwan zafi.

"Likita, ƙasar da zan je, ruwan famfo ma da zafinsa yake fitowa."

"Ki tafi da ita."

Ta ɗora wani fayil mai kauri a kai. "Takardunki na asibiti ne, duk wanda na samu. Na rubuta rukunin jininki a bango, da lambata, da ta Yaya. In aka tambaye ki wa za a kira, ni za a fara kira. Kin ji? Ni."

"Duk don gwiwa?"

"Don komai."

Ta fara cire kayana don ta sami wurin nata. Riguna biyu suka fita, waɗanda na yi kwana biyu ina warwarewa. Lema ta fita. Mafici ya fita. Ina zaune ina kallo, ƙafata tana rawa don son tashi, ba dama. Mai ciwon gwiwa ba ta yin tsalle ta ƙwace riga.

Ta ɗauko sikelin banɗaki, ta hau ita kaɗai ta duba, ta sauka, ta rungumi akwatin ta sake hawa.

"Ashirin da shida."

"Cire kwalekwalen."

"Tawul ɗin nan ne mai nauyi, za ki samu a can," ta ce, ta fizgo shi daga ƙasa. Rigar ta zame ta faɗo a kan kafet.

Ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta riƙe ta a kafaɗu tana kallo.

"Ta wace ce?"

"Tawa."

"Yaushe rabon da ki sa irin wannan kalar?"

"An hana ne?"

Na shirya wa faɗa. Ina jiran "Umma, a shekarunki?" har na tanadi amsa mai kashi uku. Ta ninke rigar a hankali, ta shafe ta da tafin hannu, ta ajiye a kan matashi.

"Miƙo ƙafar in gwada miki wannan," ta ce. Ta ɗauko abin ɗaure gwiwa mai maɗauri uku, ta durƙusa a gabana.

Mako uku ina guje wa wannan lokacin. In ta ce bari ta duba, in ce yanzu na shafa magani, ko ina sauri, ko barci nake ji. Yau babu hanyar gudu. Na miƙa ƙafa.

Ta riƙe ta, ba ta ɗago kai ba.

"Umma, wannan dama ce."

"To?"

"Ranar da kika faɗa mana, hagu kika dafa. Ranar da na kai ki kasuwa, dama kika ja. Shekaranjiya da Yaya ya kira ta bidiyo kin koma hagu."

"Yawo yake yi."

"Ciwon gwiwa ba ya yawo."

Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙar, ta danna nan, ta murɗa can, ta tura ƙoƙon gwiwar gefe da gefe. Na ce "wash" a inda nake zaton ya dace.

"Nan wurin ko mai ciwon gaske ba ya cewa wash."

Ta kama ɗayar ta yi mata haka. Sannan ta saki, ta zauna daɓas a kan kafet cikin zare.

"Gwiwarki ta fi tawa lafiya. Tun a kan tebur ɗin nan na sani."

Na buɗe baki in kare kaina, sai na ga hawaye. Likita tun tana ƙarama ba ta kuka da sauti, fuskar ce kawai take jiƙewa.

"Ki faɗa mini abin da suka gano," ta ce. "Wane ciwo ne? A ina yake? Wata nawa suka ce?"

"Su wa?"

"Likitocin da za ki gani a can. Umma, don girman Allah kada ki yi mini irin ta Baba."

Ku ba ku san wannan ba. Babansu ce mana ya yi zai je taron aiki na mako biyu. Ashe asibiti ya nufa, tiyatar da ya yi wata shida yana ɓoye mana, wai don kada hankalinmu ya tashi. Waya kawai aka yi mana. Lokacin Likita tana shekarar ƙarshe a makaranta, ta zo hutu.

"Ni na haɗa masa akwati," ta ce. "Ni na goge rigunan, na jera masa safa, har ina tsokanarsa ya sayo mini turare. Na ninke wa ubana kayan tafiyar da ba zai dawo ba, ina waƙa. Na rantse ba za a sake yi mini haka ba."

Ta fara lissafi da yatsu.

"Kin rame."

Sukari na bari, don kyamarar waya ba ta da kunya.

"Kin kwashe kayan Baba kin bayar, bayan shekara takwas kina hana a taɓa."

Na bayar, don na ga bai dace in je duba wani namiji da rigunan wani a kabad ba.

"Kin nemo takardun gida kin jera."

Masu biza ne suka nema.

"Kina shiga ɗaki da waya ki rufe ƙofa, ki fito idonki ja."

Dariya ce. Mutumin yana ba ni dariya har hawaye.

"Kina warware rigunanki don sun yi miki yawa. Yanzu kuma ga sabuwar riga mai kyau, irin wadda mutum ke ɗinkawa in ya san cewa..." Ta kasa ƙarasawa.

Duk abin da ta gani, ta gani daidai. Da ɗalibata ce da na ba ta cikakken maki a lura, sifili a sakamako. Mako uku yarinyar nan tana zuwa aiki tana murza ƙafafun mutane da wannan dutsen a ƙirjinta, ni kuma ina nan ina ƙona zare ina shinshinawa. Don gudun kada a ce tsohuwa ba ta da kunya, na bar 'yata tana yi mini makoki da raina.

Na sauko daga gado na zauna a ƙasa kusa da ita, na naɗe ƙafafu, tunda wasan ya ƙare.

"Dube ni. Ba ni da ciwon komai sai hawan jinin da kika sani. Na rantse da Allah."

"To me za ki je yi?"

Na sha tsayawa gaban ɗalibai ɗari biyu babu lasifika. Amma wannan maganar sai da na tono ta daga tafin ƙafa.

"Wani ne yake so ya aure ni. Zan je in gan shi."

Ta zuba mini ido.

"Aure."

"Aure."

"Namiji?"

"A'a, fanka. Namiji mana."

Ta fashe da wani abu da ba dariya ba ba kuka ba, ta kifa kai a cinyata tana dukan kafet, tana ta hamdala. Na dafa bayanta ina jin yadda yake girgiza. Sai ta ɗago, fuskar ta canza.

"Mako uku, Umma. Mako uku abinci bai zauna mini ba. Babu ciwon da ke sa rama da ban karanta ba. Saboda saurayi?"

"Shekararsa sittin da tara."

"Saboda tsohon saurayi!"

"Na yi laifi. Ki yafe mini."

Ban saba faɗa wa 'ya'yana haka ba, har ta tsaya tana dubana kamar za ta sake gwada ni. Ta share fuska da hannun riga.

"Wane ne? Me yake yi? Yana da mata? Yana da haƙora?"

"Ya ce nasa ne duka. Zan duba in na je."

Na buɗe wayar na nuna mata hotonsa. Ta matso da shi kusa, ta nisanta.

"Kunnuwan fa?"

"Da su aka haife shi."

Yatsanta ya zame zuwa saƙonsa na ƙarshe. Ban hana ta ba. Ta karanta, ta miƙo mini.

"Ya fi ki gaskiya, Umma."

"Na sani. Shi ya sa nake jin haushinsa."

Ta fara murmushi, sai kuma ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo. Yaya."

"Me ya sami Yayan?"

"Jiya na kasa riƙewa. Na kira shi na ce kina ɓoye mana ciwo. Tun safe ya taso. Ya biya ya ɗauko Baffa."

Baffa shi ne ƙanin babansu. Har yau in ya zo gidan nan sai ya tsaya gaban hoton ɗan'uwansa ya ce, "Ga matarka nan tana riƙe da amana," sannan ya juya ya tambayi Likita yaushe za ta kawo miji.

"Sun ce ba za ki hau jirgi ba sai an kai ki asibiti an duba komai," ta ce. "Yaya ya ce in ɗauke fasfonki kafin su iso."

"Kin ɗauke?"

Ta zaro shi daga aljihun rigar aikinta. Ni da na yini ina gadin jakar nan, ban ga lokacin da hannunta ya shiga ba. Ta miƙo mini, kanta a ƙasa. Wayarta ta yi ƙara, ta duba.

"Sun shigo layinmu."

Ta miƙe da sauri, ta tura sikeli ƙarƙashin gado, ta lulluɓe sabuwar rigar da bargo, ta ɗauko abin ɗaure gwiwa.

"Ji nan, Umma. Bar ni da su. Zan ce na duba ki, gwiwa ce da gaske, ni ce na firgita a banza. Ni ce likita, Yaya ba zai ja da ni ba. Ki je ki ga mutuminki, in kin dawo a san yadda za a shigar musu da maganar a hankali. Ɗaura wannan. Hagu, Umma. Hagu. Ɓangaren agogonki, kada ki manta."

Ku dubi wannan tayin. Hanya a buɗe, har da shaidar likita. Gobe in hau jirgi babu hayaniya, babu wanda zai kalle ni kamar na ci amanar kabari. In sauka a can a tarbe ni da ladabi kamar baƙuwar ofis, a yi mako uku ana yi mini hirar yanayi, a dawo da ni gidan nan in ci gaba da ɗingishi har ƙarshen rayuwata. Kuma in sa 'yata ta yi ƙarya da sunan aikinta, bayan abin da na riga na yi mata.

Na ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Murfi biyu suka rufu. Muryar Baffa ta hawo har sama, yana tambaya ko asibitin da nisa. Aka danna ƙararrawa, aka sake dannawa.

"Umma, yi sauri!"

"Ajiye shi," na ce. "Je ki ɗora ruwan shayi. Kofi huɗu."

Na gyara mayafina na fita. Matakala goma sha huɗu ce, na sauko su ban dafa ƙarfe ba, takuna yana amsawa a gidan. Ta gilashin ƙofa na hango Lauya yana bin ƙafafuna da kallo, bakinsa a buɗe. Na murɗa mabuɗi.

"Umma, gwiwar..."

"Ba ta taɓa ciwo ba. Sannu da hanya, Baffansu. Ku shigo ku cire rigunan ruwa ku zauna. Ba asibiti za mu ba, maganar aure za mu yi."

Baffa ya washe baki, ya leƙa ta bayana yana neman Likita.

"Masha Allah! Ashe yarinyar ta samu miji?"

"Ba ita ba," na ce. "Ni."